Cinikin Hasken da Ido Ba Ya Gani

Ranar kasuwa a Tasawa ta Nijar, tun kafin rana ta take, mai tabarau ya riga ya jingina allonsa a bakin hanya. Ya jera kayansa sahu-sahu: baƙaƙe na 'yan kabu-kabu, masu ruwan zinariya na samari, da farare na karatu waɗanda dattawa ke gwadawa ɗaya bayan ɗaya da ɗan littafi a hannu. Kusan kowanne da 'yar takarda manne a gilashinsa. Wata an rubuta mata UV400. Wata kuma, wadda ta yawaita a 'yan shekarun nan, hoton shuɗiyar kibiya ce ta daki gilashi ta koma da baya. Idan mai saye ya nuna ta da yatsa, amsa a shirye take: "Alhaji, wannan na kare ido ne daga hasken salula. Ɗan ƙari kaɗan za ka yi."

Alhaji yana iya lanƙwasa hannun tabarau ya ji ƙarfinsa, ya ɗaga gilashin sama ya nemi karce, ya sa a fuska ya ga ko baƙaƙen littafi sun fito. Duk wannan ido da hannu suna iya yi masa shaida. Amma ɗan ƙarin da aka ce ya yi, kuɗin wani abu ne da shi bai gani ba, mai sayarwa bai gani ba, kuma ko shekara goma tabarau ya yi a fuskarsa ba zai taɓa gani ba. An ce gani ya kori ji, to a nan ji kaɗai ya rage. Tambayar da wannan ƙaramin ciniki ya taso da ita tsohuwa ce a zauren malamai: mene ne haƙƙin mai saye a kan wanda ya sayar masa da siffar da ba ta ganuwa, kuma wane irin sababi ne ya cancanci mumini ya kashe kuɗinsa a kai da sunan kare lafiya?

Takardun nan biyu ba abu ɗaya suke faɗa ba, ko da yake allo ɗaya ya haɗa su. Haske yana tafiya ne zango-zango, ana auna tsawon zangonsa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin wajen 400 zuwa 700. Shuɗi yana can ƙasa, daga 400 zuwa 500. Ƙasa da 400 kuwa ido ya daina gani, amma hasken bai ƙare ba: nan ne UV yake, wanda Bajamushe Johann Ritter ya gano a 1801 lokacin da ya lura cewa wani sinadarin azurfa yana yin baƙi da sauri a gefen da idonsa ba ya ganin komai. Takardar UV400 tana alkawarin tare wannan ɓoyayyen haske na rana. Mai kibiya kuwa tana alkawarin rage shuɗin da ke fitowa daga salula, kwamfuta da fitilun zamani, waɗanda da yawansu 'ya'yan shuɗiyar fitilar LED ne, wadda ta jawo wa Japanawa uku, Akasaki, Amano da Nakamura, kyautar Nobel a 2014.

Alkawari na biyu shi manyan kamfanoni suka fi ƙarfafa talla a kai cikin shekaru goma sha da suka wuce, kuma an gwada shi. A watan Agustan 2023 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci, ta fitar da nazarin da Laura Downie ta Jami'ar Melbourne ta jagoranta. Sun tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a ƙasashe shida a kan mutum 619. Ba su sami wani bambanci ba wajen gajiyar ido tsakanin mai sanye da gilashin tace shuɗi da mai sanye da gilashi na yau da kullum. A kan barci sakamakon ya rarrabu, babu matsaya. A kan kare bangon bayan ido, inda hoto ke sauka, babu ma gwajin da ya auna. Masu nazarin sun ƙara da cewa irin wannan gilashi kashi 10 zuwa 25 cikin 100 kawai yake ragewa na shuɗin haske, kuma shuɗin da allon na'ura ke fitarwa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin dubu na wanda ake samu daga hasken rana ba. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar sayen sa.

A shagunan birni, a Maraɗi ko Kano, akwai wani gwaji da ke kashe bakin mai gardama. Mai shago ya ɗauko ɗan alƙalami mai fitar da haske, ya haska a kan farin kati, ɗigo ya fito. Ya sa gilashin a tsakani, ɗigon ya ɓace. Abin burgewa ne, kuma ba sihiri ba ne. Sai dai irin wannan alƙalami galibi hasken 405 yake fitarwa, a bakin iyakar UV, alhali shuɗin salula ya fi ƙarfi a wajen 450, kuma yawancinsa yana ratsa gilashin ya wuce. Wanda aka nuna wa gwajin ya ga gaskiya da idonsa, amma gaskiyar wani haske dabam ce, ba ta wanda ya biya kuɗi don tsoronsa ba.

A Ingila an kai maganar gaban hukuma. A 2015 hukumar kula da tallace-tallace ta hana wani tallan kamfanin Boots Opticians da ya nuna cewa shuɗin hasken na'urori yana lalata ido, a 2017 kuma majalisar da ke sa ido kan masu sana'ar tabarau ta ci kamfanin tarar fam 40,000 a kan wannan batu.

Malaman Malikiyya ba su san salula ba, amma sun san cinikin abin da ke rufe. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik, wanda ya rasu a 795, ya halatta cinikin da ake kira na barnamaji: fatake su zo da ɗaurin tufafi, a karanta wa masu saye takardar da ta lissafa abin da ke ciki, su saya ba tare da an kwance ba. Kwance kowane ɗauri wahala ce da ɓarna, don haka aka yarda takarda ta tsaya a madadin ido. Sharaɗin dai ɗaya ne: abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta. Duk ɗalibin da ya wuce Ahalari da Ishmawi ya kai Risala ta Ibn Abi Zaid ya karanta a babin ciniki cewa garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙarsa ba, haramun ne, haka algus, yaudara da ɓoye aibi. A Muhtasar na Halil kuma an bai wa mai saye damar mayar da kaya idan ya sharɗanta wata siffa mai amfani gare shi sannan aka tarar babu ita.

'Yar takardar da ke manne a gilashi barnamaji ce ta wannan zamani. Bambancin shi ne, mai ɗaurin tufafi yana isa gida ya kwance ya ƙirga. Mai tabarau ba shi da ranar kwancewa.

Wani zai ce ai malamai sun yafe ƙaramin garari. Haka ne: ana sayen gida ba a tona tushensa ba, ana sayen riga mai ciko ba a farke ta an duba audugar ba. Amma sun yi wannan rangwame ne ga abin da yake biye, wanda ba shi aka nufa da cinikin ba. A tabarau mai kibiya, siffar da ba a gani ita ce ainihin abin da aka ƙara wa kuɗi. Idan aka cire ta, gilashi ne kamar na kusa da shi mai araha. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma ya fi nauyi da yake tsoro aka fara sayar wa mutum kafin a sayar masa da gilashi: tsoron makanta, tsoron cewa ɗansa da ke karatu da waya yana ƙona idonsa.

Adalci ne a faɗi cewa mai allo a Tasawa ko Mayahi ba shi ya ƙirƙiro maganar ba. Ya saro kayan daga dillali a Maraɗi, dillali ya ɗauko daga Kano ko daga tashar jiragen ruwa, asalinsu kuma sau da yawa masana'antun Sin ne, irin na garin Danyang da ya yi suna wajen ƙera gilashin ido. Abin da aka faɗa masa shi yake maimaitawa, da zuciya ɗaya. Ba maƙaryaci ba ne. Amma tsakanin ƙarya da gaskiya akwai wani matsayi da addini bai yi shiru a kansa ba, wato mutum ya tabbatar da abin da ba shi da ilimi a kai. Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya hana bin abin da mutum bai sani ba, ya kuma ambaci ji da gani da zuciya a matsayin abubuwan da za a yi tambaya a kansu. Mai allo yana da mafita mai sauƙi da ba za ta hana shi cin abinci ba. Yana iya cewa, "Baba, haka aka rubuta a jiki, ni dai ban auna ba." Da wannan kalma ya sauke nauyin a inda ya dace. Idan ya ce "wallahi yana kare ido", ya ɗora wa kansa shaidar abin da bai halarta ba.

Saura mai saye, domin shi ma yana da tambayar da zai amsa. Yakan ce riƙo da sababi yake yi, an ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa wannan batu rabo mai kyau a babin tawakkali na Ihya'u. Ya kasa hanyoyin kawar da cuta gida uku. Akwai tabbatacce, kamar ruwa ga mai ƙishirwa da abinci ga mai yunwa, kuma barinsa ba tawakkali ba ne ko kaɗan. Akwai wanda ake kyautata zaton amfaninsa, kamar ƙaho da shan magani, wanda yin sa bai saɓa wa tawakkali ba. Akwai kuma na wahami, wanda zato ne kawai ke riƙe da shi, kuma a ganinsa mai cikakken dogaro ga Allah barin sa yake yi. Abin lura a wannan rabo shi ne, ba a auna sababi da kyawun niyyar mai shi ko da yawan kuɗin da ya kashe. Ana auna shi da ƙarfin dalilin da ke nuna yana aiki.

Idan aka ɗora allon mai tabarau a kan wannan ma'auni, jerin ya juye.

Tabarau na karatu, wanda ya fi kowanne araha kuma ba shi da talla, shi ya fi kusa da tabbatacce. Daga shekara arba'in madubin cikin ido yana fara taurara, abin kusa ya daina fitowa. Tela ya kasa zura zare a allura, malamin allo ya riƙa nesanta takarda da fuskarsa, mai tsintar wake ta daina ganin tsakuwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 826 da ke fama da wannan ba tare da tabarau ba. A 2018 an buga sakamakon gwajin da aka yi da masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta Indiya: waɗanda aka bai wa tabarau na karatu aikinsu ya ƙaru da wajen kashi 22 cikin 100. A nan mai saye shi ne alƙali, ya sa ya gani nan take.

Kariya daga UV tana gida na biyu, kuma dalilinta mai ƙarfi ne. A 1988 Hugh Taylor da abokan aikinsa sun auna idanun masunta 838 a mashigin ruwan Chesapeake na Amurka, suka tarar cewa waɗanda suka fi shan wannan haske sun fi kamuwa da wani nau'in yanar ido. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasin cewa wajen kashi 10 cikin 100 na makantar yana na iya kasancewa daga gare shi. Haka kuma tsokar nan da ke tsirowa daga farin ido tana rarrafawa zuwa baƙin, an daɗe da sanin ta fi yawa ga masu wuni a rana, iska da ƙura a ƙasashe masu zafi. Tasawa da Mayahi suna tsakanin digiri 13 da 14 ne arewa da tsakiyar duniya, a kan jigawa mai farin rairayi da ke mayar da haske sama. Manomin gero a Kanambakashe ko Urafan, makiyayi a bakin rijiya, mace mai tafiyar neman itace, yaro mai tallan ruwa a tashar mota, su ne ke cikin hasken da aka tabbatar yana cutarwa, daga hantsi har la'asar, shekara da shekaru. Zabiya kuwa, wanda idonsa da fatarsa ba su da garkuwar da sauran mutane ke da ita, buƙatarsa ta fi ta kowa. Kuma su ne waɗanda masana'antar tabarau ba ta yi wa talla, domin ba su ne masu kuɗin ba.

A nan ma akwai tarko. Duhun gilashi ba shi ke tare UV ba, tsada ma ba ita ba ce. Robar da ake kira polikabonet tana tare shi ko da fara ce tas, kuma akwai tabarau masu araha da ke yin aikin yadda ya kamata. Amma baƙin gilashin da ba shi da kariya yana iya zama ya fi rashinsa muni, domin a cikin duhu ƙofar tsakiyar ido buɗewa take yi, hasken da ba a tare ba ya sami hanya mai faɗi. Wanda ya fi kowa sanin zafin wannan haske shi ne yaron mai walda. Ya wuni yana liƙa ƙofar ƙarfe da baƙin tabarau na kasuwa, ko ma yana kau da kai kawai idan wuta ta tashi. Da rana lafiya lau. Tsakar dare sai ya farka kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya buɗewa. Fatar gaban idonsa ce UV na walda ya ƙona, kuma babu tabarau na allo da aka yi don wannan aiki, sai garkuwar walda ta ainihi.

Abin daɗi shi ne, wani ɓangare na kariyar yana tsirowa a gida. Kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi cike yake da goriba, kuma da ganyen kaba ake saƙa tabarma, igiya da malafa. Masu bincike sun auna cewa hula mai faɗin baki tana rage kusan rabin UV da ke isa ido. Malafar da matashi ke jin kunyar sawa don kada a ce masa baƙauye ta fi gilashi mai kibiya hujja a wurin likitocin ido.

Shi gilashi mai kibiya, a halin da bincike yake yanzu, gida na uku ya faɗa. Wannan ba ya nufin ciwon da mutane ke ji ƙarya ne. Ɗalibar da ta daɗe tana kallon waya ta ji idonta na raɗaɗi gaskiya ta faɗa. Dalilin dai wani ne: mutum yakan ƙifta ido wajen sau 15 a minti, amma idan ya ƙura wa allo ido ƙiftawar tana raguwa da rabi ko fiye, ido ya bushe, ga kuma iskar hunturu. Likitoci suna ba da shawarar kowane minti 20 a ɗaga kai a dubi abu mai nisan mita shida na daƙiƙa 20. Idan ciwon kai ya ƙi tafiya, wataƙila awon ido ake buƙata, domin sau da yawa wanda ya ce sabon tabarau ya yi masa magani, gyaran ganin da ke cikin gilashin ne ya taimake shi, ba shafen tace shuɗi da ke bayansa ba. Batun barci ma yana da tushe: a farkon shekarun 2000 aka tabbatar da wasu ƙwayoyi a cikin ido masu jin shuɗin haske, waɗanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa gari bai yi duhu ba. Amma wanda ya raba dare yana kallon bidiyo har Asuba ta kuɓuce masa, ba gilashi ne ya rasa ba. Buhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan Isha'i.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, domin yana sa mutanen kirki su yi sakaci. Musulmi ya saba da yarda da abin da bai gani ba, imani da gaibu yana cikin tushen addininsa. Wannan tarbiyya takan sa wasu su ɗauki tambayar "ina hujja?" kamar rashin ladabi ko ƙarancin yarda. Amma gaibu na Allah ne, labarinsa ta hanyar wahayi yake zuwa. Hasken UV ba gaibu ba ne. Halitta ce da ido ya gaza gani amma na'ura tana auna ta, kuma wanda ya ba da labarinsa ɗan kasuwa ne mai neman riba. Ba shi irin yardar da ake bai wa wahayi kuskure ne a aƙida kafin ya zama asara a aljihu. Hadisin barkar dabino da Muslim ya ruwaito, inda Annabi ya mayar wa manoman Madina sanin harkar gonarsu bayan amfanin ya ragu, ya nuna cewa al'amuran duniya irin waɗannan gwaji ne ke yanke hukuncinsu. Ibnul Haisam, ɗan Basra da ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021, da gwaji a ɗaki mai duhu ya kafa hujjar cewa haske ne ke shigowa ido daga waje, bai tsaya ga girman sunan magabatan da suka ce akasin haka ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, duk da nauyin mulki, ya zauna ya yi rubutu a kan magungunan ciwon ido.

To idan mai saye ba ya iya gani, mai allo ba ya iya aunawa, wa zai duba? Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya wuce wani tarin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, sannan ya nesanta mai algus daga kansa. Masu wa'azi sukan tsaya a kan hukuncin, amma kafin hukuncin akwai hannun da aka cusa. Daga irin wannan aiki hisbar kasuwa ta samo asali, mai duba mudu da sikeli a madadin jama'a, kuma duk abin da ɗaiɗaikun mutane ba za su iya yi wa kansu ba ya zama farilla a kan al'umma.

Na'urar auna UV a gilashi ƙarama ce, tana zama a kan teburin mai gyaran tabarau, tana ba da amsa cikin daƙiƙoƙi. Ko 'yar tocilan da 'yan canji ke haska takardar kuɗi da ita tana ba da alama: idan aka sa gilashi a tsakani alamun takardar suka ci gaba da ƙyalli, kariyar ba ta cika ba. Kayan da ke shigowa ta garin Ɗan Isa ko ta manyan shagunan Maraɗi kwali-kwali suke zuwa, kuma auna biyu ko uku daga kowane kwali ya isa ya raba na gaske da na bogi kafin su watsu zuwa kasuwannin ƙauye. Ma'aikatan lafiyar ido na Nijar sun riga sun san hanyar waɗannan ƙauyuka, domin shekara da shekaru suna bin su gida-gida a jihohin Maraɗi, Damagaram da Diffa suna raba maganin tarakoma, ciwon da ke juya gashin ido ciki har ya makantar. Ƙungiyar 'yan kasuwa a Tasawa ko Mayahi tana iya haɗa kuɗi ta sayi na'ura ɗaya ta ajiye wurin sarkin kasuwa, duk mai allo ya kawo samfurin kayansa a auna kafin ya jera.